Sana'ar tsara harabar gida da shuke-shuke: tambayoyi da amsoshi ga mai son ta kawo riba

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu sayar da furanni a gefen titi, da masu ɗaura intalok, da matasan da suka karanta aikin gona ko zanen gini suke son tsayawa da ƙafafunsu. Amsoshin sun dogara ne da yanayin Kano, Kaduna da Abuja. Duk inda aka ambaci naira, misali ne don a nuna yadda lissafi yake tafiya. Farashin ranar kuwa sai an taka kasuwa.

Me ake sayarwa a wannan sana'a?

Abu huɗu ne, kuma kowanne da irin ribarsa. Akwai zane, wato tsara inda komai zai zauna. Akwai aikin gini: intalok, dutsen gefe, magudanar ruwa, rumfar mota, fitilu. Akwai aikin shuka: ƙasa, ciyawa, itatuwa, furanni da hanyar ban ruwa. Na huɗu shi ne kulawa ta wata-wata. Aikin gini ya fi kowanne yawan kuɗi a takarda, amma mafi yawansu na siminti ne da yashi da mota, suna bi ta hannunka ne kawai su wuce. Shuka ta fi barin riba in ba ta mutu ba. Kulawa kuɗinta kaɗan ne, sai dai ita ce ba ta yankewa.

Sai mutum ya yi karatu kafin ya fara?

Babu dokar da ta hana wanda bai yi jami'a ba shuka ciyawa ko ɗaura intalok a gidan mutum. Amma akwai ilimin da ba makawa sai da shi: awo da tef, fitar da gangare, karanta zanen gini, da sanin wace shuka ce ke son rana, wace ce ke son inuwa. Hanya mafi sauri ita ce a yi shekara guda a ƙarƙashin wanda ya iya, a ga aiki a damina a kuma gan shi a bazara, domin lambun da ya yi kyau a watan Agusta ba lallai ne ya kai Afrilu ba.

Mai son karatu yana da Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu da ke Dadin Kowa a Jihar Gombe, da Kwalejin Tarayya ta Gandun Daji da ke Jos, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da digiri na biyu a fannin tsara harabar gine-gine. Duk aikin da ya haɗa da bangon tare ƙasa mai tsayi ko wayar lantarki, a kira injiniya ko mai gyaran wuta. Wannan ba wurin gwaji ba ne.

Da wane kayan aiki ake farawa, kuma me ya fi kyau a yi haya?

Na mallaka: baro biyu, shebur, diga, manjagara, fartanya, almakashin aske shinge, tef mai mita 50, igiya da turaku, lebul, siririn tiyo garai-garai na fitar da lebul da ruwa, gudumar roba, da tiyon ban ruwa. Injin yankan ciyawa sai an sami gidajen kulawa. Injin daɓe ƙasa da injin yankan dutse a riƙa ɗaukar haya a saka kuɗin cikin lissafin aikin. Mota ita ce ke cinye jarin masu farawa. Har sai kuɗin hayar a-kori-kura na wata ya riƙa wuce abin da mai, gyara da direba za su ci, haya ta fi.

Wace rajista ake bukata?

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) ta isa a buɗe asusun banki da sunan sana'ar, a kuma buga rasit mai suna. Mai neman aikin kamfanoni, bankuna da rukunin gidaje gara ya yi rajistar cikakken kamfani. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya yi. Sai lambar biyan haraji. Kamfanoni sukan cire wani kaso na haraji daga kuɗinka kafin su biya, don haka a karɓi shaidar cirewar, a kuma rubuta a takardar farashi ko harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki ko ba ya ciki.

Aikin da ya tsallaka katanga zuwa gefen titi yana bukatar izinin hukumar tsara birane: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine na Abuja. Wanda ya toshe lambatu da intalok don gaban gida ya yi kyau, ranar rusau mai gida shi zai nema.

Me ake dubawa a zuwan farko wurin aiki?

Ruwa ake fara tambaya, kafin a yi maganar kowace fure. Akwai rijiyar burtsatse? Tankin lita nawa ne, sau nawa ake cika shi a rana, kuma da wutar NEPA ne, janareta ko sola? Rijiyar tana ja baya a watan Afrilu? Amsar nan ita ce ke yanke girman ciyawar da za a iya shukawa, kamar yadda lissafin yake a tambayar ruwa a ƙasa. Daga nan sai a nemi inda ruwan sama yake fita, a gwada da tiyon lebul ko harabar ta fi titi tudu ko ta fi shi kwari. A tono rami biyu ko uku masu zurfin rabin mita. Sabon gini kusan kullum akwai ɓaraguzan bulo da busasshen siminti a binne, kuma kwashe su aiki ne mai cin lebura da tifa. A cika ɗaya daga ramukan da ruwa. In ya kwana bai tsotse ba, wurin yana riƙe ruwa, saiwa za ta ruɓe a damina. A sa a nuna maka sokawe, bututun ruwa da inda waya ta bi ta ƙasa.

Sai kuma yadda ake rayuwa a gidan, wanda ba ya cikin zanen gini. Mota nawa ke kwana? Ina ake shanya? Ina ake girke tukwane in ana biki ko suna? Ina yara suke ƙwallo, ina ake shimfiɗa tabarma da yamma, ina ake ɗaure ragon layya? Rago ɗaya ya isa ya cinye furannin wata uku a dare guda. Yawancin waɗannan amsoshi suna wurin uwargida, don haka a roƙi maigida ya tambayo, ko ya ba da izinin a ji daga bakinta. Tsarin da ya cinye wurin shanya da ciyawa, ba a daɗewa ake tattake shi.

A karɓi kuɗin zane, ko a yi shi kyauta don a sami aikin?

Zuwan farko da ƙiyasi na baka a bar su kyauta. Zane mai awo da jerin tsirrai da adadinsu kuwa a karɓi kuɗinsa, a yi alkawarin cire shi daga kuɗin aiki in an ba ka aikin. Zanen kyauta yakan ƙare a hannun wani lebura da ya yi ragi. Ba sai da kwamfuta ba: takarda mai layukan murabba'i, santimita 1 a matsayin mita 1, ta isa gida guda, muddin awon gaskiya ne.

Yaya ake fitar da farashin da ba za a faɗi ba?

Farashin da aka yanka da ido a tsakar gida, mai gida yana tsaye yana jira, shi ne ke karya mutane. A koma a zauna da biro. Da farko a fitar da adadi daga awo. Ciyawa mai faɗin murabba'in mita 100 da za a zuba wa ƙasa mai kaurin santimita 15 tana cin kubik mita 15, kuma a ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari saboda ƙasa tana zama in ta sha ruwa. Kada a yi lissafi da "tifa" kawai, domin tifa suna ta tara; a auna tsawo, faɗi da zurfin bayan motar. Intalok mai santimita 20 da 10 guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, a ƙara kashi 5 na yanka da karyewa, kashi 10 in akwai lanƙwasa da yawa. Tsirrai ma a ƙara kashi 10 na canji. Sai lebura, hayar inji, mai, dako, lodi da sauke kaya, da kwashe shara in an gama.

Wannan jimillar kuɗin aikin ne kawai. Akwai kuɗin da kasuwancin ke ci ko da aiki ko babu: hayar fili, kati da data, man zirga-zirgar duba ayyukan da ba a samu ba, gyaran kayan aiki, da albashinka kai kanka. A tara na shekara a raba shi kan ayyuka. In waɗannan sun kai naira 3,600,000 a shekara, kuma kana sa ran kashe naira 24,000,000 a kan ayyuka, to kowane aiki zai ɗauki ƙarin kashi 15.

Ga misali. Aiki ya ci 2,000,000. Kashi 15 na ɗawainiyar kasuwanci 300,000, kashi 5 na abin da ka iya tasowa 100,000, jimilla 2,400,000. In ana son ribar kashi 20 na farashi, rabawa ake yi da 0.8, a sami 3,000,000, riba 600,000. Wanda ya ɗora kashi 20 a kai kawai zai sami 2,880,000, ribarsa 480,000, wato ƙasa da kashi 17. Bambancin kamar ba yawa, amma a tara shi a aiki goma a gani.

Aiki yana ta shigowa amma kuɗi ba sa taruwa. Ta ina suke zurarewa?

Ƙofa mafi faɗi ita ce "ɗan ƙara min nan". Alhaji ya dawo daga ofis ya ce a ɗan faɗaɗa wurin mota, Hajiya ta ce a ƙara layin furanni a bayan kicin, kunya ta hana a yi maganar kuɗi. Duk ƙari a auna shi, a tura farashinsa ta WhatsApp, a jira "na amince" kafin a taɓa. Ta biyu ita ce zaman lebura: an tara mutum takwas, yashi bai iso ba, yini ya tafi. Ta uku sake aiki, wanda asalinsa yana cikin amsar intalok da ta mutuwar shuka. Ta huɗu cikon da ya maƙale.

Akwai kuma wadda ta fi ɓoyuwa, wato haɗa aljihu. Kafin alƙalamin wannan aiki ya tafi ƙarasa wancan, na wancan ya tafi cefane. Kowane aiki a buɗe masa shafinsa a littafi, a rubuta duk abin da ya fita har kuɗin ruwan leda, in an gama a gwada da abin da aka ƙiyasta. Bayan aiki biyar ko shida mutum zai san murabba'in mita nawa yaransa ke ɗaurawa a yini, kuma da wannan adadin ake yin farashi na gaba.

Yaya ake tsara biyan kuɗi, ga shi farashi ba ya zama wuri ɗaya?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin dako da na siminti sun koya wa kowa cewa takardar farashi tana tsufa. A rubuta a jikinta cewa ta kwana 7 ce ko 14. Kafin alƙalami ya zama ya isa sayen duk kayan aiki, galibi kashi 60 zuwa 70, kuma ranar da ya shigo a sayi siminti, intalok da bututu. Kashi 20 zuwa 30 in an gama aikin gini kafin a fara shuka. Abin da zai rage na ranar miƙa aiki kada ya wuce kashi 10, domin in ciko ya fi ribarka yawa, ka koma mai bin bashi da kuɗinka.

Yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce a rubuta ta: abin da za a yi da awonsa, abin da ba ya ciki, wanda zai ba da ruwa da wuta lokacin aiki, ranakun biya, da sharaɗin canjin shuka. Har da ɗan uwa da aminin uba. Su ne ma suka fi bukatarta, don da su ne rigimar kuɗi ta fi ciwo.

Ruwa nawa lambu yake sha?

A tsakiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ciyawa tana bukatar kimanin lita 6 zuwa 8 a kowane murabba'in mita kullum. Murabba'in mita 200 ke nan lita 1,200 zuwa 1,600, wato jarka 48 zuwa 64 masu lita 25, banda wanka da wanki da girkin gidan. Gidan da ke da tanki ɗaya mai lita 2,000 da ake cikawa sau ɗaya ba zai iya ba. Wannan lissafi a yi shi a gaban mai gida tun ranar farko. Gaya masa gaskiya zai rage kuɗin aikin yau, amma busasshiyar ciyawa a ƙofar gidansa sunanka take ɓatawa a unguwar gaba ɗaya.

Mafita ita ce a rage ciyawa zuwa inda za a zauna a kanta ko a gan ta daga falo, sauran wurin a ba itatuwa, shinge, tsakuwar ado da tsirrai masu jure ƙishi. Itace sabon dashe jarka ɗaya sau biyu ko uku a mako ta ishe shi, in ya kafu kuwa da yawa ba sa neman komai. Shinge da furanni a sa musu tiyon ɗigo mai milimita 16, wanda kowace ƙofarsa ke zubar da lita 2 ko 4 a awa. Dole a sa matata a bakin tanki, in ba haka ba yashin burtsatse zai toshe ƙofofin cikin 'yan makonni. Na'urar feshi tana son matsin ruwa, tankin sama shi kaɗai ba ya juya ta sosai sai da ƙaramin injin turawa.

A shayar da sassafe ko bayan la'asar, a ƙoshi ƙasa har ta jiƙe ciki. Yayyafin sama-sama sau uku a rana yana hana saiwa nutsewa, ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu sai komai ya kwanta.

Wace ciyawa ce ta dace, kuma yaya ake dasa ta?

Kirikiri tana son rana, tana jure ƙishi da tattaki, in ta bushe tana farfaɗowa. Aibinta ba ta yi a inuwa, kuma tana kutsawa cikin furanni in ba a yi mata iyaka da dutsen gefe ba. Ciyawar kafet mai faɗin ganye tana jure inuwa amma ta fi shan ruwa, shi ya sa ta fi jin daɗin Abuja da kudancin Kaduna a kan Kano. Ciyawar roba ba ta shan ruwa, sai dai da rana tana ɗaukar zafin da yaro ba zai taka ta ba takalmi ba.

Kafin dashe a kashe abin da ke wurin. A shayar da filin har ciyayi su tsiro, a fesa maganin ciyawa mai rajistar NAFDAC, a jira kwana 10 zuwa 14. Aya-aya da tofa ba sa mutuwa da feshi ɗaya saboda abin da suka binne a ƙasa, sai an tono an tsince. A gauraya ƙasar noma baro uku da taki baro ɗaya, a baje, a shayar ta zauna, a cike inda ya lotsa. A dasa saiwoyin da tazarar santimita 10 zuwa 15. Da isasshen ruwa suna rufe wuri cikin wata biyu zuwa uku. Takin ya zama wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu yana kawo irin ciyayi da gara.

Waɗanne itatuwa ne ke jawo rigima daga baya?

Cediya, durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana bin danshi har cikin sokawe, tana ɗaga intalok tana tsaga katanga. Wurinsu babban fili ne, makaranta ko harabar masallaci. Darbejiya, mangwaro da maɗaci a ba su aƙalla mita 5 zuwa 6 daga gini da sokawe. Itacen turare yana shanye ruwan ƙasa, rassansa kuma suna karyewa a iskar farkon damina. A ƙaramin gida gwaba, lemun tsami, rumman, zogale da dabino sun fi dacewa, ga ado ga amfani. Lalle yana yin shinge mai kyau da ƙamshin fure, ba ya kuma neman ruwa da yawa. Kariya da oliyanda suna jure rana ƙwarai, amma ruwan jikinsu guba ne. A gaya wa mai gida in akwai ƙananan yara ko dabbobi. Shinge mai duhu kada ya manne da taga, masu gida suna tsoron sauro da maciji, kuma suna da gaskiya.

Ramin itace santimita 60 ta kowane ɓangare. A yage ledar reno a cire ta gaba ɗaya, kada a binne wuyan itacen fiye da yadda yake a ledar, a kafa masa sanda a ɗaure sako-sako.

Me ke sa intalok ya lotsa ko ya baje bayan damina ɗaya?

Kusan kullum laifin yana ƙarƙashi. A kwashe baƙar ƙasa da duk wani ɓaraguzai har a kai ƙasa mai tauri. A zuba marmara mai kaurin santimita 15 bayan daɓe, in manyan motoci za su shiga a ƙara, a kuma sa dakakken dutse a sama. Kada a zuba ta gaba ɗaya. Hawa-hawa ake yi, kowane bai wuce santimita 10 ba, a yayyafa ruwa a bi da injin daɓe. Inda aka tona aka binne bututu da kewayen sokawe nan ne ke fara lotsawa, don an mayar da ƙasa ba daɓe. Shimfiɗar yashi ko garin dutse ta tsaya a santimita 3 zuwa 4. Masu son sauƙi suna cike kwari da yashi mai kauri maimakon gyara marmara, tayar mota kuma sai ta tona shi.

Dutsen gefe a kafa shi da kankare ta baya kafin a fara ɗauri, domin shi ke hana intalok bajewa. Gangare santimita 2 a kowace mita, yana kallon magudana, ba gini ba. A mita 10 ke nan santimita 20. Saman intalok ya zauna aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen cikin gida, in ba haka ba danshi zai hau bango fenti ya kwaɓe. In an gama ɗauri a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a bi da inji, a sake sharewa. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa don hana ciyawa ba ta maye gurbin daɓe, kuma mafi yawan ciyawar da ke fitowa daga ƙurar da ta taru a tsagogi take tsirowa.

Kauri santimita 6 na mutane ne da ƙananan motoci. Inda tankar ruwa ko tifa za ta shiga, sai mai santimita 8.

Gara in buga intalok da kaina, in kuma buɗe wurin renon tsirrai?

Intalok sai in aiki ya yawaita, akwai fili da ruwa. Kankare mai ƙarfi yana cin siminti kimanin kilo 350 a kubik mita, wato buhu ɗaya mai kilo 50 bai kai ya ba da murabba'in mita 2 da rabi na mai santimita 6 ba. Wanda ke fitar da ninkin haka daga buhu, kayansa ne ke zubar da gari bayan shekara. In saye za a yi, a tambayi ranar bugu. A shayar da shi aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. A haɗa biyu a ƙwanƙwasa, a karce gefe da ƙusa.

Reno kuwa a fara shi da wuri, ko a bayan gida ne. Yawancin tsirran shinge da yankan reshe ake yaɗa su, kuma rassan da aka aske a gidajen kulawa su ne irin. Tsiron da aka rena a garin ya fi jure wanda aka ɗauko daga Legas ko Fatakwal. Irin waɗannan a ajiye su a inuwa mako biyu ana fito da su rana a hankali kafin a dasa.

Shuka ta mutu bayan an miƙa aiki. Wa zai biya?

Abin da aka rubuta shi ne zai raba gardama. Tsarin da ya fi adalci: in kai ke kula da lambun, duk abin da ya mutu cikin wata uku ka canza kyauta. In maigadi ko yaron gida ke shayarwa, lamunin ya tsaya a mako biyu zuwa huɗu, banda ɓarnar dabbobi, yankewar ruwa da ruwan wankin mota mai omo da ake karkatawa gindin shuka. Kafin ka tafi ka koya wa mai shayarwar da hannunka, ka bar masa jadawali.

In an kira ka, tono gindin ka duba. Saiwa baƙa mai wari, ruwa ne ya yi yawa. Ƙasa busasshiya ƙasa da ɗan yatsa, ƙishi ne. Bawo a cinye da hanyoyin ƙasa a jiki, gara ce.

Kwangilar kulawa ta wata-wata tana da riba kuwa?

Ita ce ke riƙe albashin yara a watannin da sabon aiki ya ɗauke. Ribarta tana cikin kusanci: gida shida a layi ɗaya sun fi goma a warwatse tsakanin unguwannin Bompai da Kabuga a Kano, domin mai da cunkoso ke cinye bambancin. A lissafa ta da yawan zuwa, sau huɗu a wata a damina, sau biyu a hunturu, a rubuta ko taki da magani suna ciki. A karɓi kuɗin a farkon wata.

Wajen yanka kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa. Takin NPK 15-15-15 kimanin giram 30 a murabba'in mita a farkon damina, yuriya kimanin giram 10, a bi da ruwa nan take don kada ta ƙone. A tayar da maganar kulawa tun ana yarjejeniyar aiki. Ranar miƙa aiki aljihun mai gida ya riga ya gaji.

Ma'aikata: jinga ko kuɗin yini?

Abin da ake iya aunawa, kamar tono, ɗaurin intalok da kafa dutsen gefe, a ba da shi jinga a kan mita. Amma mai jinga sauri yake so, don haka daɓe da fitar da gangare a tsaya a kansu, kada a biya sai an zuba ruwa an ga inda ya bi. Dashe da ban ruwa a yi su da yaranka na dindindin. A biya a ranar da aka yi alkawari. Aikin cikin gidan mutane ne, wani lokaci gidan matan aure, don haka a san kowane yaro da wanda ya tsaya masa, a yi sallama, a tsaya iya inda aka ba da izini. Mai feshi ya sa safar hannu da takunkumi, a kuma hana yara da dabbobi wurin har ya bushe.

Ta ina ake samun masu ba da aiki, kuma yaushe ya kamata a faɗaɗa?

Masu zanen gini, injiniyoyi, 'yan kwangila da masu burtsatse sun riga ka sanin gidan da ya kusa ƙarewa. A ƙulla da su, in akwai la'ada a saka ta cikin lissafi tun farko. Hoton kafin aiki da bayansa a Instagram, Facebook da WhatsApp yana kawo kira, amma sai da izinin mai gida, kuma ba lambar mota ba fuskar iyali. Hoton lambun da ya shekara ya fi na ranar dashe gamsar da mai kuɗi. Aikin gini ya fi tafiya a rani, dashe a farkon damina, wato Yuni a Kano, Afrilu zuwa Mayu a Abuja. Sai gyare-gyaren gab da Sallah da bukukuwa.

Ayarin ma'aikata na biyu sai an sami wanda zai tsaya a aiki ya fitar da gangare daidai ba ka wurin, kuma kuɗin kulawa na wata suna biyan albashin dindindin. Kwangilar gwamnatin tarayya tana neman shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumar fansho (PenCom), asusun horar da ma'aikata (ITF) da asusun inshorar ma'aikata (NSITF), da rajista a hukumar kula da ba da kwangiloli (BPP). Manyan ayyuka sukan riƙe kashi 5 na kuɗin har wata shida bayan gamawa, biyan ma yakan yi jinkiri, kuma duk tsawon lokacin shayar da abin da ka dasa yana wuyanka. A saka kuɗin ruwa da mai shayarwa na waɗannan watanni a cikin farashi, kuma kada a shiga da kuɗin bashi mai ranar biya.